Jajaye Biyu a Kofin Kunu

Malam Yahuza ne ya rubuta takardar da ta sa aka rufe kemis ɗin Gide a Damari. Shi ne shugaban kwamitin unguwa, kuma abin da ya rubuta gaskiya ne: Gide yana sayar wa 'yan ƙwadago tiramol. Bai dai rubuta cewa Gide ba ya ba mutum fiye da biyu ba, ƙanana, masu sunan kamfani a jiki.

Rufewar ba ta yanke ƙwaya ba. Ta koma shigowa daga daji a kan babur, ja, cikin leda, ba wanda ya san ƙarfinta.

Wata Laraba ana huɗa a gonar Yahuza ta bakin daji, inda ba mai kai la'asar saboda 'yan bindiga. Ƙanensa Mas'ud ne ke gaban ma'aikata huɗu.

"Yau nike so a gama," in ji Yahuza.

"Yaya, wanga aikin kwana biyu ne."

"Ba mu dawowa gobe."

Da hantsi Yahuza ya ga Mas'ud ya jefa jajaye biyu a kofin kunu. Ya kau da kai, ya duba masara.

An gama kafin azahar. A ƙofar gida Mas'ud ya faɗi yana jijjiga, kumfa na fita bakinsa. Tsofaffi suka ce iskokin tsamiyar gonar ne. Aka kwantar da shi a tabarma, aka kunna hayaƙi, aka fara tofi. Babur yana jingine a zaure, da mai a ciki.

Saudatu, matar Mas'ud, ta durƙusa gaban Yahuza. "Malam, ko ya ci wani abu a gona?"

Mutum kusan ashirin ne a tsakar gidan. Rabinsu sun sa hannu a takardarsa.

"Ban ga komi ba," ya ce.

Bayan awa biyu Gide ya ji labari ya shigo. Ya ɗaga fatar idon Mas'ud, ya saurari numfashinsa, sannan ya ja Yahuza bayan rumbu.

"Shugaba, mi ya sha?"

"Jajaye. Biyu."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun hantsi."

 Gide ne ya tuƙa babur ɗin, Yahuza ya riƙe ƙanensa a tsakiya. Saura kaɗan su shiga garin Sabuwa sai kan Mas'ud ya faɗo a ƙirjin yayansa. Da suka isa asibiti, ma'aikacin ya duba shi, ya ce su koma da shi.

A zaman makoki maganar tsamiya aka yi ta yi. Har aka ba da shawarar a sare ta, Yahuza ya amince.

Saudatu tana ɗebo ruwa a randar bayan rumbu lokacin da Gide ya yi tambayarsa. Yahuza ya gan ta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Kullum da safe tana gaishe shi daga bakin ƙofar ɗakin takaba, shi kuma yana amsawa idonsa a ƙasa.