Tambaya ta Goma a Ɗakin Baba Kallamu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a aji shida ya tsaya, kuma akwai ƙaryata a cikin labarin. Amma na ji ana ta cewa Baba Kallamu ya rasu a ruɗe, ni kuwa ina wurin.

"Ajiye jakar nan, Abdulgani."

Abin da na fara ji ke nan ranar Alhamis ɗin da na shiga da kwanon kunu. Baba yana zaune a bakin gado, hannunsa na hagu ya faɗi a cinya kamar ba nasa ba. Ɗansa Abdulgani, wanda ya iso daga Kano kwana biyu kafin nan, yana durƙushe yana cusa riguna a jaka.

"Baba, tikiti na Litinin ne. Na riga na saya."

"Sai ka hau. Shekara ashirin da biyu ina loda wa mutane kaya a kwantena a garin nan. Ba wanda zai loda ni da raina. In na mutu ku sa ni a akwati ku manna takarda, ban damu ba."

Na ajiye kwanon zan fice, ya ce, "Saude, zauna. Ke ba baƙuwa ba ce."

Ƙofarmu tana kallon tasa, a hawa na shida na wani tsohon bene da ba shi da lif a unguwar Panyu. Mijina Musaddiq yakan fita unguwar Tianhe sayen wayoyi tun safe, sai magariba. Shekarata ta farko a Guangzhou ban san kowa ba, ban san komai a Sinanci ba sai "nihaw", wato sannu, da "meyo", wato babu. Baba ne ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, wai ƙamshin daddawa ya hana shi sakewa.

Yana saurayi ya yi aiki a wani shagon fayafayi a Sabon Gari. Duk sati yakan kama gidan rediyon London ya ji jerin waƙoƙin da suka fi ciniki, daga ta ashirin har ta ɗaya. Duk ya rubuta su a wani littafi, kuma duk suna kansa, tun daga 1964 har 1985. Bayan nan, in ji shi, inji ne ke kiɗa, ba mutane ba. Ka ba shi wata da shekara, zai faɗa maka waƙar da ke lamba ɗaya, wanda ya rera ta, sati nawa ta yi a sama, da abin da ke bayan faifan. Ya san makaɗin jitar da yake bahago, ya san ƙungiyar da ta watse saboda wa da ƙane sun daina gaisawa. Yakan fassara mini baitocin ina yanka albasa.

"Wannan kuka yake yi wai budurwa ta tafi da karensa. Kin ga Bature da abin kuka?"

Ba zan rubuta sunayen waƙoƙin ba, Turancina zai ɓata su.

Da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, likita ya ce zuciyar ma ta gaji. Ya dawo daga asibiti yana rera waƙoƙin nan da karkataccen baki. Abin da aka kai wa Abdulgani a waya ke nan, cewa uban ya zautu.

"Mutum yana wannan hali, Baba, maimakon istigfari sai waƙar Turawa? Hankalinka ba ya jikinka. Ni zan yanke maka shawara," in ji Abdulgani.

Baba ya ɗaga hannun dama, carbi na lilo. "Wannan fa, igiyar shanya ce? Allah yana jin duka biyun, bai aiko ka ba." Ya numfasa. "To, mu yi haka. Gobe bayan Juma'a kira Alhaji Munkaila. Tambaya goma kan waƙoƙin nan. In na faɗi ko ɗaya, na hau jirginka ban ce uffan ba. In na cinye, ka kwance jakar nan da hannunka."

Abdulgani ya ce, "Na yarda."

"Saude ce za ta riƙe littafin."

Na ce, "Baba, ni ban iya ba."

"Kin iya lamba, kin iya haɗa baƙi. Kuma ba kya cin abincin kowa a cikinmu, mu ke cin naki."

Alhaji Munkaila, ɗan Maraɗi, shi ne babba a cikin 'yan kasuwarmu. Ya hau benen yana haki, ya faɗa kan kujera.

"Kallamu, hawa shida! Kai ba za ka mutu ba sai ka kashe mu tukuna."

"Tumbinka zai kashe ka, Alhaji, ba benena ba."

Lokacin watan Maris ne, sanda bangon gidajen Guangzhou ke zufa. Littafin ma ya sha danshi, wani ƙato mai jan bango, kowane shafi da kwanan wata a gefe da sunaye a jere. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, na ja mayafi har goshi. Ban taɓa magana a gaban maza uku ba.

Alhaji ya fara. "Yuli, 1969, satin farko."

Ban ma gama buɗe shafin ba Baba ya faɗi suna, ya ƙara da sati nawa. Na bi da yatsa, baƙi bayan baƙi.

"Daidai ne," na ce.

"Ɗaga murya, 'yata, ba gulma muke ba," in ji Alhaji.

"Daidai ne!"

Alhaji ya yi ta tsalle da shekaru, ya je 1983, ya komo 1965, ya shiga Disamba. Baba yana amsawa yana share yawu da gefen hannu. A ta shida har ya rera baiti biyu, yana buga gwiwa. A ta takwas ya ce wa Alhaji, "Wannan ai ka taɓa rawa da ita a Yamai, kada ka yi mini fuskar liman." Alhaji ya yi dariya har hularsa ta zame.

Tara, duk daidai. Amma na ga gumi ya jiƙa wa Baba wuyan riga, numfashinsa yana fita da ƙara.

"Ta goma tawa ce," in ji Abdulgani. Tun da aka fara bai yi magana ba. "Maris, 1979. Sati na biyu."

Na buɗe shafin, na ɗora yatsa a kan sunan. Baba ya buɗe baki, ya rufe. Idonsa ya tafi silin. A ƙasa ana ta hon na babura, wata mata tana kiran ɗanta da Sinanci. Ya sake buɗe baki, ya faɗi wani suna a hankali.

Ba shi ne ƙarƙashin yatsana ba. Ko harafin farko bai yi kama ba.

Duk suka juyo gare ni. Na tuna jirgin Litinin, da keken guragu, da yadda za a sauko da shi hawa shida a goye. Na tuna ɗakin baya da za a ajiye shi a Kano, ana shigowa ana yi masa sannu da ƙarfi kamar kurma. Na dubi Baba. Bai roƙe ni da ido ba. Ya ɗaga haɓa ne kawai, yana jira.

Na rufe littafin. "Daidai ne."

"Shi ke nan, magana ta ƙare," in ji Alhaji, ya tafa hannu.

Abdulgani ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Sai na ji ƙarar zif. Ya fito da rigunan ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa cikin kwaba.

Kwana goma sha ɗaya Baba ya ƙara. Abdulgani ya ɗage tafiyarsa, yana kwana a tabarma. Shi ke yi masa alwala, shi ke juya kaset in ya ƙare. Faɗa dai ba su daina ba.

"Rage murya, Baba, matar nan mai gidan za ta hauro."

"Ta hauro. Ita ma ta san wannan, tambaye ta."

Wata rana da muke mu biyu Baba ya ce, "Saude, ranar nan..." Na ce kunun zai huce. Ya yi murmushi da rabin bakinsa, bai ƙarasa ba.

Ranar Talata bayan la'asar Abdulgani ya buga mana ƙofa. Muka shiga ni da Musaddiq. An kashe rediyon, Baba ne da kansa ya ce a kashe. Abdulgani yana riƙe da kansa yana maimaita kalmar shahada, leɓen Baba yana bi. A ta uku leɓen ya tsaya. Tagar a buɗe take, kamar yadda yake so.

Washegari da safe, da Musaddiq ya tafi wurin Alhaji kan takardun kai gawa gida, na tsallaka. Abdulgani yana zaune a gefen gadon da ba kowa. Na tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya Abdulgani, ta goman nan bai ci ba. Ƙarya na yi. Ba gafara na zo nema ba, in aka sake ba ni littafin haka zan ce. Na dai ga ya kamata ka sani."

Bai ɗago ba. "Satin da aka haife ni ne. Duk shekara sai ya kira ni ya rera mini ita a waya, ina ofis ina jin kunya." Ya murza idonsa da tafin hannu. "Na zaɓe ta ne don na tabbata ita ce ba zai taɓa mantawa ba."

Na ƙarasa ciki, na nufi taga.

Rigunan Baba biyu suna rataye a gorar shanya a wajen taga, tun wankin Litinin. Na miƙa hannu ta cikin ƙarfen na taɓa. Ba su bushe ba. Na juya su, na gyara musu wuya, na bar su a nan.