Noti Mai Bin Hagu

Kwana uku iskar kudu tana kaɗawa, ta busar da ciyawar bakin teku ƙayau, har masu kula da sansanin hutun da ke kusa da garin Doringbaai suka hana kowa hura wutar itace. Abin da ya sa ke nan Tobias Cloete, wanda ya shekara arba'in yana gasa kifi a kan garwashi, ya tsinci kansa durƙushe a gaban tirelarsu ta kwana, da tiyon roba a hannu, yana ta zufa.

Tiyon na wani ɗan murhun gashi ne mai aiki da gas, sabo, 'yarsu Rozanne ce ta saya masa. A ido aikin ba wani mai wuya ba ne. Tukunyar gas tana cikin akwatinta a goshin tirelar, ga kuma bakin da za a ɗaura tiyon a gefenta. Amma duk murɗawar da ya yi, sai notin tagullar ya zagaya ya faɗo masa a tafin hannu.

A gidansu, tun farkon aure wuta biyu ce. Ta itace tasa ce. Ta gas kuwa ta matarsa Magrieta ce, wadda ta yi shekara ashirin da shida a kantin manoma na garin Vredendal tana cika tukwanen gas, tana gyaran murhu. Shi malamin lissafi ne. Bai taɓa tambayar ta yadda ake yi ba, don bai taɓa kawo wa ransa ranar da zai buƙaci sani ba.

Tana nan zaune a kujerarta, da bargo a gwiwa, tana kallon ruwa. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, wata bakwai ke nan rabonta da kiran sunansa. Wani lokaci ta ɗauke shi direba, wani lokaci ma'aikacin asibiti, kullum dai cikin ladabi take masa magana. Wannan ladabin ne ya fi komai ci masa rai. Matar da a da ba ta barin sa ya gama shan shayi ba ta yi masa gyara ba, yanzu in ya miƙa mata kofi sai ta ce, "Na gode, Malam."

Rozanne ta riga ta samo mata gurbi a gidan kula da tsofaffi, daga farkon wata mai kamawa. Shi ya roƙi a bar masa wannan makon, a wurin da suka saba zuwa duk shekara.

"Na yarda, Papa," in ji 'yar a waya, "amma don Allah kada Mama ta kusanci gas. Ka tuna abin da ya faru a kicin."

Bai manta ba. Ta kunna murhu ta fita shanya, sai warin gas ne ya tashe shi daga barcin rana.

"Malam Tobie, addu'a kake yi ne ko gyara?"

Barend Swarts ne, tsohon masunci, maƙwabcinsu a sansanin tun yaransu suna rarrafe. Yana riƙe da kifin snoek da ya tsaga ya barbaɗa wa gishiri.

"Notin ne ya ƙi kamawa."

"Shekara talatin kana zane 'ya'yan mutane a kan lissafi, ga noti ɗaya ya kayar da kai." Ya ajiye kifin, ya karɓi tiyon, shi ma ya murɗa, ya sake murɗawa. "Kai, wannan na kanti ne, duk haka suke yanzu. Ni itace na sani. Kawo sifana mu matse shi da ƙarfi."

"Za ku lalata shi."

Dukansu suka waiwaya. Magrieta ta miƙe, bargon ya zame ƙasa, tana tahowa a hankali da hannu a miƙe. Tobias ya karɓe tiyon daga hannun Barend. Maganar Rozanne ta dawo masa, ya matse tiyon a ƙirjinsa. Barend ya kalle shi, ya kawar da kai.

Sai Tobias ya dubi yatsunta. Ba su rawa. Ya sakar mata.

Ta durƙusa a kan yashi kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba. Da farko ta taɓa kan tukunyar ta tabbatar a rufe take. Ta juya notin, ta leƙa cikinsa, ta gyara zaman 'yar robar da ke ciki da farce. Sannan ta saita shi, ta murɗa hagu. Ya kama nan take, ya yi ta shiga sumul.

"Na gas hagu yake bi," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ƙartai biyu, da gemu, kun tsaya kuna kokawa da abin da yaro zai yi. Tobie, kada ka tsaya mini a ka kamar turke. Jeka kawo ruwan sabulu."

Ya shiga tirelar da sauri har ya buge goshi a ƙofa. Yana zuba sabulun a kofi, rabi ya zube a ƙasa.

"Duk wannan daɗewar rijiya ka haƙa?"

"Ga shi, Grieta."

Ta buɗe gas ɗin kaɗan, ta shafa ruwan a mahaɗar, ta kara kunne. Wata 'yar kumfa ta taso, ta kumbura, ta fashe. Ta ja tsaki, ta karɓi sifana a hannun Barend ta ƙara matsewa kaɗan, ta sake shafawa. Wannan karon shiru. Ta bi tiyon da hannu har zuwa murhun, ta sa Barend ya janye shi nesa da rumfar tirelar, ta ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta zagaye murhun.

"Uwargida Grieta, ashe kina nan kika bar mu muna shan wahala?" in ji Barend.

"Kai dai juya kifinka, kada ka ƙona."

Tobias yana da maganganu na wata bakwai a bakinsa. Yana so ya gaya mata an haifa wa Rozanne ɗa namiji, an kuma sare itacen lemon bayan gida. Yana so ya gaya mata inda za a kai ta, ya nemi ta yafe masa. Ya kama hannunta ya tashe ta, ya mayar da ita kujera, ya tsuguna yana kakkaɓe mata yashin gwiwa, yana neman ta inda zai fara.

Da ya ɗago, idanunta sun koma kan ruwa. Ta janye ƙafarta a hankali.

"Na gode, Malam. Ka bar shi haka." Ta jawo bargonta. "In ka ga maigidana, kada ka bari ya taɓa tukunyar nan. Mutumin kirki ne, amma bai iya ba."

"Zan gaya masa," in ji Tobias.

Suka ci kifin da dankali mai zaƙi. Shi ya cire mata ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ci sosai, har ta yaba wa mai gashin.

Da la'asar, bayan murhun ya huce, Barend ya dawo ɗaukar farantinsa, ya tarar da Tobias a gaban akwatin. Ya rufe tukunyar, yana kwance notin.

"Haba Malam, abin da aka sha fama kafin ya ɗauru? Bar shi mana, ai nan za ku yi mako."

Tobias ya naɗe tiyon, ya rataye shi a jikin ƙofar, daidai inda za ta gan shi daga kujerarta.

"Da safe ma za a ɗaura," ya ce.

Barend ya dubi tiyon, ya dubi Magrieta, sai ya gane. Ya ɗauki farantinsa.

"To, zan kawo wani kifin," in ji shi.