Inna da Injin Yankan Katako

Innata ta yi shekara ashirin da shida a masaƙa, aikinta bin injina da butar mai. Da kunne take gane wanda ke jin ƙishi.

Ranar da ta kawo mana ziyara, ta tarar da maigidana, wanda kafinta ne, yana fama da injin yankan katako a shagonsa da ke jikin gidanmu. Fetur ɗin da a da yake kai janareto la'asar, yanzu kafin azahar ya ƙare. Har ya fara neman mai sayen janareton.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ta karkata kai tana saurare.

"Baban yara, kashe mu gani."

Ya kashe, don kunyar suruka kawai. Ta ɗora bayan hannunta a inda ƙarfen zarton yake juyawa, ta janye da sauri.

"Me kake zuba masa?"

"Baƙin man da aka juye daga mota, Inna. Kullum sai na cika shi."

"Janareto ba shi da laifi. Wannan zafin, fetur ɗinka ne. Rabi yana yanka katako, rabi yana dafa ƙarfe."

Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ce a ba ta sifana da kalanzir. Da ta kwance boris ɗin da ƙarfen zarton ke juyawa a cikinsa, sai ga wani baƙin taɓo: tsohon mai ya haɗu da garin katako da ɓarɓashin ƙarfe. Ta wanke ƙwayoyin tas, ta goge, ta lakato sabon giris da ɗan yatsa ta shafa.

"A ƙara mana, Inna," in ji maigidana.

"In ya yi yawa, shi ma birki ne."

Ta sa sanda ta tura zarton sau ɗaya. Ya yi ta juyawa shi kaɗai, shiru, har na gaji da kallo. Da aka kunna, janareto ya daina nishi. Ranar har rana ta yi sanyi, da sauran fetur a tanki.

Washegari da safe mai niƙa ya yi sallama, tela na biye da shi, rungume da kan kekensa. Maigidana da kansa ya fito wa Inna da kujera. Kwana biyu ta zo yi mana, sai da ta yi tara.