Farar Hular Anas

Ashiru ne ya kawo Anas Kano. Ƙanen matarsa ne, ya ɗauko shi daga ƙauye, ya ba shi tabarma a ɗakinsa na Unguwa Uku, ya koya masa lanƙwasa rodi da ɗaure shi da waya. Tare suka samu aiki a wani dogon bene da ake ginawa a Gyaɗi-Gyaɗi.

Da ginin ya kai hawa na shida, Injiniya Nkolika ta tara masu ɗaurin rodi, ta miƙa wa Anas farar hular kwano, ta ce shi ne shugabansu, tunda yana karanta zanen gini. Kowa ya tafa. Ashiru ma ya tafa, amma tafin nasa bai kai zuci ba.

Ana gobe zubin kankare, Ashiru ya lura yaran Anas sun shimfiɗa rodin wani ɓangaren dekin, wato rufin hawan, a kan katako kai tsaye, ba su sa ƴan dunƙulen simintin da ke ɗaga shi ba. In aka zuba a haka, rodin zai leƙo ta ƙasa, tsatsa ta cinye shi. Ya buɗe baki, sai ya hango farar hular nan, ya ja bakinsa ya yi gum.

Da safe, sai da motar kankare ta iso, ma'aikata suka cika wurin, sannan Ashiru ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Madam, zo ki ga aikin shugabanmu!"

Nkolika, wadda dama tana zagayen dubawa, ta zo ta durƙusa ta leƙa, ta ce a dakata. Ashiru ya zuba ido yana jiran a cire hular.

Anas bai yi musu ba. "Laifina ne, ban duba nan ba," in ji shi. Ya tuɓe riga ya shiga cikin yaransa, suka gyara. Sannan ya zo ya riƙe hannun Ashiru da hannu biyu.

"Yaya, ka rufa mini asiri. Allah ya bar zumunci."

Nkolika ta gyaɗa kai. "Anas, riƙe wannan mutumin kusa da kai. Daga yau shi ne mataimakinka."

Ashiru ya yi murmushin dole, ya ce ya gode. Ya koma gefe ya ɗaure wata waya da ƙarfi har ta tsinke.