Rigar da Ta Daina Warin Fetur

Shekara tara ina wanke kayan aikin mijina Albert, don haka ba mai koya mini warin fetur. A wani gidan mai yake aiki a hanyar Abuja, yana zuba wa motoci mai. Ko sabulu nawa na ƙarar, rigarsa ba ta rabuwa da warin nan. To, satin da ya ce mai gidan man zai ɗaga shi zuwa manaja, sai warin ya ɗauke ɗif. Maimakonsa sai na riƙa ganin baƙi a wuyan riga, irin na gindin tukunya.

Da farko na ba kaina haƙuri, na ce manaja ai ba ya riƙe bututu. Amma me ya haɗa mai zama a ofis da baƙin murhu? Ga shi in ya dawo ba ya haɗa ido da ni. Na tambaye shi ya ofis, ya ce da godiya, ya juya baya. Sai maƙwabciyata Maman Caleb, wadda bakinta ba ya riƙe ko ruwa, ta ce ta hango shi a unguwar Gonin Gora kusa da wata mai ƙosai. Na ce lalle biri ya yi kama da mutum. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin da ya fi ci mini rai, tun ranar da ya kawo labarin na kai sunana wurin Fasto cewa zan ba da shaida ran Lahadi. Zumuntar Mata sun yi alkawarin raka ni gaba da rawa. Yaya zan gode wa Ubangiji a kan girman da wata ke ci?

Ran Alhamis da safe na bari ya fita, na hau keke mai ƙafa uku daga unguwarmu Nasarawa na bi shi. Mai ƙosan tana nan, tsohuwa ce da ta yi jika da ni. Bayanta akwai rumfar gawayi ta wani Malam Isiyaku. A can na ga manajana, daga shi sai singileti, yana auna gawayi a roba, rigar aikin tana rataye a ƙusa.

Da ya gan ni bai yi musu ba. Ya ce ranar farko aka miƙa masa makullin famfo, aka nuna masa yadda ake juya shi lita goma ta koma tara. Aikin manajan ke nan. Ya mayar da makullin, aka nuna masa hanya. Malam Isiyaku, wanda ya daɗe yana shan mai a hannunsa, shi ya ce ya zo su yi maneji.

Na ce, "Baban Debby, me ya hana ka gaya mini?"

"Kin riga kin gaya wa coci gaba ɗaya, Maman Debby. Na ji kunyarki. Amma ba zan iya rera waƙa ran Lahadi in saci lita ran Litinin ba. Ubangijin da ya ciyar da mu shekara tara bai mutu ba."

Ni da na zo da faɗa cike da baki, sai kunya ta rufe ni. Tsoro ma na ji, don ban san me za mu ci wata mai zuwa ba.

Ran Lahadi Fasto ya kira sunana. Mata suka raka ni da ganga, Maman Caleb a gaba, kunne a buɗe. Na karɓi makirfo, na dubi Albert a bencin baya, ya sunkuyar da kai, baƙin gawayi bai gama fita daga farcensa ba.

Na ce, "Ku taya ni godiya. Mijina ya rasa aikinsa."