Motar da Ba Ta Son Madam

Shekara ashirin da bakwai Thaddeus ya yi yana tuƙa manya a wata ma'aikatar gwamnati kafin ya yi ritaya ya koma Gwagwalada, don haka in ana hirar mota a unguwa, shi ake bar wa maganar ƙarshe. Tasa motar tsohuwa ce, irin mai canza giya da kanta. Ta girmi autarsu Sandra, wadda yanzu take bautar ƙasa, amma kullum sai an yi mata wanka.

Wata Lahadi suna dawowa daga coci shi da matarsa Rosemary, suka tsaya a danja, sai allurar da ke nuna gudun inji ta fara rawa. Ta yi sama, ta sauko, injin yana numfashi sama-sama. Da aka ba su hannu ya taka totur, motar ta yi jim, sannan ta zabura da ƙarfi har ɗaurin ɗankwalin Rosemary ya goce. A kan titi kuma ta ƙi zama a giya guda, ta shiga wannan ta fita, ta koma waccan.

Washegari ya kai ta wajen bakanike, ta yi lumui kamar ba ita ba. Aka canza mata man giya dai don kada a ce ba a yi komai ba. Ranar Laraba ya je gonarsa a Jiwa ya dawo, ko tari ba ta yi ba. Ranar Asabar ya ɗauki Rosemary zuwa kasuwa, rawa ta dawo sabuwa. Bakanike na biyu ko bonet bai buɗe ba ya ce giyabos ya mutu, sai a nemo tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da shi daga ƙasar waje. Thaddeus ya ce shi bai taɓa ganin mataccen da ke tashi ranakun aiki ba, ya ja motarsa.

A wajen cin abinci ne bakinsa ya ja masa.

"Maman Sandra, na lura da wani abu. Motar nan sai kina ciki take wannan hauka."

Rosemary ta ajiye cokali. "To nauyi na yi mata, ko mayya ce ni?"

"Ni ban ce ba."

"Ka ce mana. Ku zauna lafiya kai da ita."

Sati biyu tana hawa keke mai ƙafa uku na haya zuwa koyon waƙar coci, shi kuma yana bin bayanta a hankali da mota babu kowa a ciki. Da maƙwabta suka fara yi masa sannu da wata irin murya, sai ya nemi Rilwanu, wani rewaya da ke gyaran wayoyin mota a bayan kasuwa, wanda aka ce ba ya kwance abu sai ya gane laifinsa.

Rilwanu ya zagaya da motar har wajen jami'a ya dawo. Ya duba man giya, ja ne garau, babu ƙauri. Ya bi tiyo-tiyon iska da hannu, babu wanda ya tsage.

"Baba, lafiyarta ƙalau a hannuna. Yaushe take yi?"

Thaddeus ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Sai madam tana ciki."

Rilwanu bai yi dariya ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "To ai sai a kawo Mama."

Kawo Mama ya fi gyaran wuya. Sai da Sandra ta sa baki ta waya, sannan Rosemary ta yarda. Ta iso garejin da lemarta, ta ce ita ba gyaran mota ya kawo ta ba, wanke kanta ta zo yi.

Rilwanu ya kawo mata ruwa, ya gaishe ta, sannan ya shiga kujerar baya. "Baba, ka tayar. Mama, don Allah ki yi duk abin da kika saba yi in kin shiga, kamar ba na nan."

Ta zauna, ta ɗaura bel, ta miƙa hannu ta murɗa esi, na'urar sanyaya mota, har ƙarshe, ta soka cajar waya, ta kunna rediyo. Ba a yi minti ɗaya ba allura ta fara hawa da sauka.

"Ka gani ko!" in ji Thaddeus.

"Na gani. Baba, in kai kaɗai ne, kana kunna esi?"

"Ni? Ga iskar Allah kyauta ta taga?"

Rilwanu ya miƙo hannu ya kashe esi, allura ta tsaya cak. Ya kunna, ta ci gaba da rawarta. Ya fita ya buɗe bonet, ya leƙa can ƙasa, ya kira su. Wata waya ce mai kauri da ta haɗa inji da jikin mota, bakinta ya yi tsatsa ya yi kore, 'yan silla uku ko huɗu kawai suka rage suna riƙe da ita.

"Ta nan wuta take komawa batir," ya ce. "In kaya ba yawa, tana lallaɓawa. Da an kunna esi sai hanya ta yi mata kaɗan, na'urar da ke gaya wa giya yadda ka taka totur ta rikice. Ƙarya ake ta faɗa wa giyabos ɗinka, shi kuma yana bi."

Ya yanke ruɓaɓɓen bakin, ya kankare ƙarfen har ya yi haske, ya ɗaura sabuwar waya. Suka hau titi su uku, esi a ƙure, har da fitila. Motar ta riƙa shiga giya ɗaya bayan ɗaya, sumul.

Thaddeus ya yi gyaran murya. "Dama na yi zargin wajen wuta ne."

"Baban Sandra," in ji Rosemary, "ka kalli titi."

Da suka sauke Rilwanu, ta leƙo ta taga ta ce masa ranar Asabar ya aiko a karɓar masa doya, ta gonar Jiwa, ita za ta zaɓa da hannunta. Sannan ta gyara zama ta ce wa mijinta ya juya kan mota. Ƙanwarta da ke Karshi ta haihu tun watan jiya, kuma yau za a je barka.