Maganin Bara'atu da 'Yan Dubiya

Ni Maikuɗi na Zandam, manomin shinkafa da riɗi, ban iya dogon zance ba. Matata Bara'atu ta kamu da ciwon dajin nono. Daga asibitin Birnin Kudu aka tura mu Kano, aka yi mata aiki, aka yi mata ƙarin ruwan nan mai kakkaɓe gashi. Da ciwon ya fara leƙa ƙashin bayanta, likitarta, Dakta Nasiha, ta ɗora ta a kan wasu ƙwayoyi. Ta ce kullum a sha, ba fashi, in ba haka ba ciwon zai samu hanya.

"Wannan ba ya dukan jiki gaba ɗaya," in ji ta. "Akwai wata alama a jikin ciwon, ita yake farauta. Kamar maganin feshin da ke kashe ciyawa ya bar shinkafa."

Duk zaryar da muka yi Kano, ranar na fara gane maganar likita. Muna dawowa na baje ta a majalisar bakin masallaci. Na ce maganin matata ido gare shi, da kansa yake zagaye jiki ya nemo ciwo ya shaƙe shi.

Kafin sati gidana ya koma kamar gidan suna. Mata suna shigowa dubiya da kunu da ƙwai da sabulu, ni ina zaure ina ta sa musu albarka. To a garinmu magani ba na mutum ɗaya ba ne. In ka dawo daga asibiti da leda, maƙwabta ma sun samu.

Wata safiya na ɗauki robar maganin, na ji ta sakayau.

"Bara'atu, ɓera ne?"

"Gwaggo Batulu ce, Malam. Ta ce gwiwarta."

"Gwiwa?"

"Jummai maƙwabciyarmu kuma ta ce kanta ke ciwo. Matar ladan ta ce ba ta san abin da ke damunta ba, amma tunda maganin yana da ido, ya duba mata."

"To ke fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Nakan tsallake rana, don ya kai mu ranar komawa."

Na kira Dakta Nasiha a waya. Ta wanke ni tas. Ta ce sai da aka yanki tsokar ciwon aka gwada kafin a zaɓa mata wannan magani, wanda bai da irin alamar nan ba abin da zai samu sai wahala. Ta ce daga yau kar a sake tsallakewa, kuma mu zo kafin ranarmu a duba ta.

Na ce yau za a san ni. Na kafa kujera a ƙofar zaure. Ta farko da ta iso Gwaggo Batulu ce, yayar mahaifina, tana dogara sanda, mata na biye da ita.

"Gwaggo, yau babu magani."

"Kai Maikuɗi, ni ka tare wa hanya? Ni da na goya ka kana min fitsari a baya?"

"Likita ce ta hana."

"Likita ce ta kawo muku kunu jiya? Matsa!"

Na matsa. Mutumin da ake tsoro a kasuwar Gwaram, sandar tsohuwa ta kau da shi. Na tsaya bayan zana ina saurare.

Bayan gaisuwa Gwaggo ta ce, "'Yar nan, a ƙaro min ɗaya. Wancan ya bi ta ciki bai iso gwiwa ba, kwana na yi ina zarya bayan gida."

"To Gwaggo," in ji Bara'atu, muryarta a sanyaye, "ashe kuskure muka yi. Likita ta ce ba ya gane ciwo sai an yanki naman wurin an kai Kano an gwada. Ku ga inda aka yanki nawa."

Na ji ƙarar zani, sai salati ya tashi.

"Malam ya ce duk mai so zai kai ta gobe," ta ci gaba. "Ke Gwaggo a gwiwa za a yanka. Jummai, ke a kai."

"Kaina ya warware tun jiya," in ji Jummai.

"Ke kuma matar ladan, tunda ba a san wurin ba, sai dai su yi ta yanka har su dace."

Matar ladan ta ce ta bar tukunya a wuta. Ta wuce ni ko sallama babu, sauran suka bi ta.

Gwaggo ce kaɗai ta rage. Na leƙa, na ga tana kwance ƙullin bakin mayafinta. Ƙwayoyi ne a ciki, waɗanda ta ɓoye don damina, lokacin da gwiwar ke tashi. Ta daɗe tana kallon tabon da ke ƙirjin Bara'atu, sannan ta juye mata su a tafin hannu.

"Sha naki, 'yar nan. A gabana."

Ta juyo ta gan ni.

"Kai kuma mai baki, tsayuwa za ka yi? Kawo mata ruwa!"

Na kawo. Bara'atu ta haɗiye na ranar, Gwaggo ta sa ta buɗe baki ta duba.